Babban Wili, Siririyar Taya: Cinikin Da Hanyoyin Kebbi Ba Su Karɓa Ba

Duk wanda ya tsaya minti goma a rumfar mai faci, a bakin hanyar da ta fita daga Birnin Kebbi ta nufi Argungu, zai ga abin da nake son magana a kai tun kafin a ce masa uffan. Ga injin iska yana ta ƙugi, ga bahon ruwa baƙi ƙirin da ake tsoma taya a nemo inda take yoyo, ga yaro riƙe da guduma yana bubbuga bakin wilin ƙarfe da rami ya lanƙwasa, kuma kafin a jima ya miƙar da shi mota ta kama hanya. A gefe guda an jingina wani wilin na alminiyam, babba, mai ƙyalli kamar farantin amarya, da tsaga siririya a bakinsa. Wannan guduma ba ta yi masa magani, sai an kai shi wurin mai walda, kuma ko an liƙe babu mai rantsuwa cewa zai sake riƙe iska yadda ya kamata. Tayar da aka ciro daga jikinsa ba ta fi tafin hannu kauri ba, ta yi ƙullutu a gefe kamar an cusa mata ƙwai. Cikin 'yan shekarun nan yayin sauya ƙafafun mota ya shigo mana sosai, musamman tsakanin matasa da sababbin masu mota a Gesse da Badariya da sauran unguwanni: a cire wili mai inci 15 ko 16 da motar ta zo da shi, a ɗora mai inci 17 ko 18, wani lokaci har 20. Ra'ayina shi ne wannan ciniki asara ce a hanyoyinmu, domin mutum yana biyan kuɗi ya sayi ƙarfe ya zubar da roba, alhali a kwarin Rima roba da iskar da ke cikinta su ne abin da mota ta fi buƙata.

Kafin a yi gardama ya kamata a san abin da lambobin gefen taya suke faɗa, don da yawa daga cikinmu lambar ƙarshe kawai muke riƙewa, mu ce wa mai shago a ba mu "sha biyar". Ɗauki 195/65R15, girman da Corolla masu yawa suke zuwa da shi. Lambar farko, 195, faɗin tayar ne da milimita. Ta biyu, 65, tana nufin tsayin gefen tayar, daga bakin wili zuwa inda take taka ƙasa, kashi 65 cikin ɗari ne na wancan faɗin, wato kusan milimita 127. Ta ƙarshe ita ce faɗin wilin da inci. Idan aka haɗa wili da roba sama da ƙasa, ƙafar motar gaba ɗaya ta kai kusan milimita 635. To ramin da ƙafar take zama a jikin mota ba ya girma don mai mota ya yi sha'awa, saboda haka duk incin da aka ƙara wa wili dole a zaftare shi daga roba. Mai wili 17 zai sa 225/45R17, gefenta milimita 101. Mai wili 18 zai sa 225/40R18, gefenta milimita 90 cif. Tsayin ƙafar bai canza ba, motar ba ta ɗaga daga ƙasa ko da kaurin yatsa ba, abin da ya faru kawai shi ne katifar iskar da ke tsakanin ƙarfe da hanya ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Mutane da yawa suna sayen babban wili da tunanin sun ɗaga mota, su bar shago ba tare da kowa ya gaya musu cewa ba haka lissafin yake ba.

Wannan katifar ba ado ba ce. Ita ce shokazoba ta farko, wadda take karɓar duka kafin sifirin da shokazobar ƙarfe su ji labari. Lokacin da ƙafa ta faɗa rami mai kaifin baki, gefen taya yana lotsawa ya shanye bugun. In yana da tsayi, zai lotsa ya dawo. In gajere ne, bakin wili zai kai ga bakin kwalta da robar a tsakaninsu, ya datse zaren da ke cikinta kamar yadda ƙofa ke datse yatsa. Daga nan ne ƙullutun yake fitowa, kuma taya mai ƙullutu ba ta facuwa, domin ƙashinta ne ya karye, ranar da za ta yi bindiga kawai ake jira. Abin da ya wuce taya na bugun sai ya tafi ga wili, daga wili zuwa boris, zuwa ƙarafan sitiyari, zuwa bayan wanda ke zaune. Mu kuwa mun san ƙasar da muke ciki. Kwarin Rima fadama ce, ruwa ne arzikinta, shi ne kuma yake cin hanyoyinta. Damina ɗaya ta isa ta ɓantare gefen kwalta ta bar gaɓa mai kaifi, ta zaizaye bakin kwalbati, ta buɗe rami inda babu shi jiya. Ambaliyar 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a jihar nan ba gonaki kaɗai ta ci ba, ta yanke hanyoyi ta karya gadoji. Ko a shekarar da ruwa ya zo da sauƙi, manyan motocin da ke jigilar shanshera zuwa injinan Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suna bin kwaltar nan dare da rana, kuma nauyi yana barin sawunsa. Wanda zai bar babban titi ya nufi Augie ko Gulma ko ƙauyukan bakin fadama ya san akwai inda kwalta take ƙarewa burji da gargada su karɓa.

Akwai wani nau'in sauyin da ya fi wannan muni, kuma ba a rasa ganinsa a gari, domin mai mota yakan sayi wili tukuna sannan ya nemi duk tayar da ta shiga kuma aljihunsa ya iya. Sai ka ga an sa 205/40R17 a motar da ta zo da 195/65R15. Gefen wannan tayar milimita 82 ne kacal, ƙafar gaba ɗaya ba ta kai milimita 600 ba, ma'ana wili ya girma amma motar ta ƙara dusawa ƙasa da kusan santimita 2. Mai ita zai yi ta mamakin me ya sa cikinta yake gugar tudun rage gudu da a da take hayewa lafiya. Sannan ga maganar kaya, wadda kusan babu mai dubawa. Bayan lambobin girma akwai wata lamba da ke faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka. Ta Corolla yawanci 91 ce, wato kilo 615. Waccan siririyar yawanci 84 ce, kilo 500. Bambancin kilo 115 ne a kowace ƙafa, kilo 460 a ƙafa huɗu, fiye da buhu tara na shinkafa mai kilo 50. Iska ce take ɗaukar kaya, ba roba ba, kuma tayar da cikinta ya ƙuntata ba ta da inda za ta ajiye iskar. Mu kuma mutane ne masu lodi. Motar gida ɗaya ita ce ta kai yara makaranta, ita ce ta biki, ita ce za ta dawo daga ƙauye da buhunan shinkafa a but da albasar Aliero a kujerar baya. A ɗora wannan a kan tayar da aka rage wa ƙarfi, a bi kwalta da tsakar ranar watan Afrilu lokacin da zafi yake haura digiri 40 a inuwa, an haɗa duk abubuwan da ke kashe taya a wuri guda: nauyi, zafi da gudu.

Maganar man fetur gajeriya ce amma tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin fetur, ba ƙarama ba ce. Babban wili da faffaɗar taya sun fi nauyi, kuma nauyin da ke juyawa ya fi wahalar da inji a kan nauyin da ke kwance a but. Faɗin kuma yana ƙara gogayya da hanya da iska. A 2010 mujallar motoci ta Car and Driver a Amurka ta ɗauki Golf guda ɗaya ta gwada ta da wili daga inci 15 har zuwa 19, ta samu cewa tafiyar da motar take yi da galan ɗaya ta ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma, tashinta ma ya ɗan yi nauyi. Ma'aikacin da ke zirga-zirgar kilomita 50 da ɗoriya tsakanin Argungu da Birnin Kebbi kowace rana zai iya lissafa wa kansa abin da lita ɗaya cikin kowace goma take zama a ƙarshen wata.

Amma illar da ta fi damuna ba a jikin wilin take ba, a kasuwa take. Nijeriya ta daɗe da rasa manyan masana'antun tayarta: Michelin ya rufe ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas a 2008. Tun daga lokacin tayar mota kayan waje ce, farashinta yana bin dala, kuma kowa ya ga abin da ya sami naira daga 2023. Sabuwar taya mai inci 18 ta fi mai inci 15 tsada nesa ba kusa ba, ga shi kuma ta fi saurin mutuwa a hanyarmu. Wanda ya tattara ƙarfinsa ya sayi wili huɗu, ya wayi gari taya ɗaya ta yi ƙullutu bayan wata biyu, ina zai nufa? Wurin 'yan Beljiyam, masu sayar da tsofaffin tayoyi. Haka babban wili yake tura mai shi, sannu a hankali, zuwa ga tayar da wani ya gama da ita a Turai, ta sha sanyin hunturu, aka cusa ta cikin wata tayar don rage kuɗin jirgi har ƙashinta ya murɗe, ta zo ta kwanta a rana a bakin shago. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta hana shigowa da su, amma ba sai an yi nisa ba kafin a gan su jibge. Zanen saman irin wannan tayar yana iya zama da saura, ido ya gamsu, alhali robar ta bushe. Shekarun taya a rubuce suke a gefenta: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 yake nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta sha nanata cewa a daina amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu, kuma ta ƙara matsa wannan kira bayan haɗarin 6 ga Maris 2016 a hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda fashewar taya ta yi sanadin rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa. In motar minista ba ta tsira daga fashewar taya cikin gudu ba, ban ga abin da zai tserar da Corolla mai tayar Beljiyam ba. A ƙara da cewa in siririyar tayar ta mutu a Kangiwa ko kan hanyar Kamba da yamma, da wuya a sami irinta a kusa, ita kuwa mai inci 15 ko 16 kusan kowane gari ana samu.

Masu kare yayin suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko ita ce kamfanonin mota da kansu suke fitar da sababbin motoci da wili 18 da 19, to su ba su san abin da suke yi ba ne? Sun sani sarai, kuma a nan ne hujjar take juyawa kan mai ita. Kamfanin da ya sa wa mota wili 18 ya auna sifirin da shokazoba da birki da giya a kan wannan ƙafar, sau da yawa ma babban faifan birki ne ya tilasta babban wilin, kuma ya yi hakan ne da titunan Jamus ko Japan ko Amurka a ransa. Mutanen Kebbi suna da dalilin fahimtar wannan fiye da kowa, domin Jelani Aliyu, wanda ya zana samfurin Chevrolet Volt a kamfanin General Motors kuma daga baya ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya yi karatun zanen gine-gine kafin ya tafi Detroit. Sana'ar irinsa ta ginu ne a kan cewa mota jiki ɗaya ce, ba a taɓa gaɓa guda sauran su zauna yadda suke. Mai zane yana son babban wili domin yana cika ido a takarda, injiniya kuma yana zama ya daidaita sauran motar da shi. Wanda ya sauya ƙafa a bakin kasuwa ya ɗauki rabin farko na wannan aikin ya bar rabi na biyu. Kuma kamfanonin nan, idan za su aiko da Hilux ko Land Cruiser don aikin daji, ba siririyar taya suke sa musu ba, wilin ƙarfe suke sawa da taya mai tsoka. Har motocin tseren Formula 1, da ba su san rami ba, da wili mai inci 13 suka yi ta gudu har ƙarshen 2021, sai a 2022 aka mayar da su 18.

Hujja ta biyu ita ce riƙon hanya. An ce faffaɗar taya mai gajeren gefe ta fi kama kwalta, sitiyari ya fi jin magana a kwana. Wannan gaskiya ne, a busasshiyar kwalta mai santsi, kuma ga wanda yake shiga kwana da gudun da bai kamata a yi shi a hanyar jama'a ba. Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen tituna, kuma a wannan gudun tayar kamfani mai lafiya ba ta gaza kowa ba. Da zarar yanayi ya sauya, ribar tana komawa hasara. A ruwan Agusta, lokacin da ruwa yake kwanciya a kan titi, faffaɗar taya ta fi saurin hawa kan ruwan ta rabu da kwalta, sitiyari ya zama kamar ba a haɗe yake da komai ba. A yashi kuwa a tambayi direbobin da ke ratsa sahara daga Agadas zuwa Dirku. Dabararsu ita ce rage iska don tayar ta baje ta yi dogon sawu, kuma wannan ba ya yiwuwa sai da gefe mai tsayi, domin in ka rage wa siririyar taya iska a kan wili za ka tafi. Dattawanmu da suka yi zamani da Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, shekarar da irinta ta lashe gasar Safari a gabashin Afirka, sun san cewa da wili mai inci 14 da taya mai kauri da sifirin mai laushi ta shiga kowane lungu na tsohuwar jihar Sakkwato, lokacin da kwalta ba ta kai rabin ta yau ba.

Hujja ta uku ita ce wadda nake girmamawa, domin ba ta ado ba ce, ta buƙata ce. Manomin da ke da gona a fadama, ko ma'aikacin lafiya da ke shiga ƙauyuka, ko ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin mako, zai ce shi ba ruwansa da ƙyalli, so yake motar ta ɗaga don cikinta ya daina dukan ƙasa. Wannan mutumin ba babban wili yake nema ba, doguwar taya yake nema, kuma alƙiblarsa daidai ce: ƙarin roba, ba ragi ba. Sai dai ribar ƙarama ce, farashinta kuma yana hawa da sauri. Duk abin da aka ƙara wa tsayin ƙafa, rabinsa kawai mota take ɗagawa. In ya bar wilinsa na 15 ya sa 195/70R15, ƙafar ta ƙaru da kashi 3 cikin ɗari, motar ta ɗaga da kusan santimita 1, gefen taya ya ƙaru, kuma mafi yawan motoci za su ɗauki wannan ba tare da rigima ba. In ya zarce ya sa 215/65R16, ƙafar ta ƙaru da kashi 8 cikin ɗari, ya sami santimita 2 da rabi, amma ga abin da ya biyo baya. Maleji yana ƙirga juyawar ƙafa ne, bai san an sauya ta ba, don haka idan allura ta nuna 100 motar tana kusan 108. Nisan da mota take ci kafin ta tsaya ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi, ta yadda wannan kashi 8 zai zama kusan kashi 17 na ƙarin nisan birki, kuma birkin kansa yana fama da ƙafar da ta fi wadda aka auna shi da ita tsawo. A hanyar da shanu da amalanke da 'yan acaɓa da yara masu talla suke ratsawa ba sallama, waɗannan mitocin ba lissafin takarda ba ne. Injin zai ji kamar kullum a babbar giya yake, tashi ya yi nauyi, giya mai sarrafa kanta ta yi ta neman inda za ta zauna. Ƙirgen kilomita zai riƙa yin ƙasa da gaskiya, juyen baƙin mai ya riƙa makara. Da an yi lodi ko an karya sitiyari gaba ɗaya, tayar ta fara cin jikin mota. Shi ya sa masu sana'ar taya a duniya suke tsayawa a wajen kashi 3 cikin ɗari. Wanda hanyarsa take buƙatar fiye da haka, gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce motar ce ba ta dace da hanyar ba, kuma taya ba za ta mayar da Corolla ta zama Hilux ba.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi wajen ɗaurawa. Ramukan noti ba iri ɗaya ba ne a kowace mota: na Camry suna kan da'ira mai milimita 114.3, na Corolla 'yar Amurka ta shekarun baya suna kan 100. Idan wilin da aka yi sha'awa bai zauna ba, sai a nemi dabara, a sa faifan ƙari a tura shi waje, ko a fafe ramin, ko a ɗaure shi a kan notuna alhali tsakiyarsa ba ta zauna a mazauninta ba. Ƙafar da aka turo waje tana murɗa boris ta inda ba a gina shi ya ɗauka ba, kuma karkarwar da sitiyari yake yi a gudun 90, wadda ake ta kai wa mai saiti ba ta tafiya, sau da yawa daga nan take. Safaya kuma tana nan a but da tsohon girmanta, ranar da aka buƙace ta mota za ta tafi da ƙafa ɗaya daban da sauran.

Saura hujjar da ta fi kowace sauƙin faɗa: kuɗina ne, motata ce, kuma ina son ta yi kyau. Ba na raina wannan. Mu mutane ne masu son ado, kuma wanda ya ga dawakin Sarkin Gwandu ko na Sarkin Kabin Argungu ranar hawa ya san cewa ƙawata abin hawa tsohuwar ɗabi'armu ce, ba daga waje aka kawo mana ita ba. Amma mai doki yana ƙawata sirdi da linzami da jalala, ba ya taɓa kofato don ado, domin ya san a kansa dokin yake tsaye. Mai mota yana da fenti, yana da kujeru, yana da wilin alminiyam mai kyau daidai girman na kamfani in ƙyalli yake so, duk waɗannan nasa ne shi kaɗai. Ƙafa kuwa ba tasa ba ce shi kaɗai. Matarsa da 'ya'yansa suna kanta, fasinjan da ya biya kuɗin mota a tasha bai duba lambar taya ba kafin ya shiga, mai babur da ke tahowa ta ɗaya hannun ba a yi shawara da shi ba. Tayar gaba in ta yi bindiga a gudun 100 ba ta tambayar wa ya biya kuɗin wili.

Wasu za su ce hanyoyi suna gyaruwa, ga babban titin Sakkwato zuwa Badagry da aka fara a 2024 zai ratsa jihar nan. Allah ya sa a gama lafiya. Amma babu motar da take kwana a babban titi. Za ta sauka ta shiga unguwa, ta je ƙauye gaisuwa, ta bi layin da ruwa ya cinye, kuma rami ɗaya ya ishi siririyar taya.

Abin da nake ganin ya kamata a yi ba ya buƙatar sabuwar doka. Jami'an FRSC da na duba lafiyar motoci sun riga sun saba duba shekarun taya, ƙara duba girma da lambar nauyi a motocin haya ba zai ɗauke su minti ɗaya ba, kuma ya fi kyau a fara da wayar da kai a tashoshin Birnin Kebbi da Argungu da Jega kafin a kai ga tara. Shugabannin ƙungiyar direbobi suna da ikon da jami'i ba shi da shi, domin su ne suke ba mota layi, suna iya cewa motar da tayarta ta yi ƙullutu ko ba ta kai nauyin lodinta ba ba za ta yi lodi ba. Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi tana da malaman injiniya da za su iya tara masu faci da masu sayar da taya na yini ɗaya su koya musu karatun lambobin nan, domin mai faci shi ne wanda mai mota yake tambaya, kuma abin da ya faɗa shi ake ɗauka. Bikin kamun kifi na Argungu, da aka dawo da shi a 2020 har da jerin gwanon motoci daga Abuja, yana tara direbobi da masu motoci daga ko'ina, kuma rumfa ɗaya ta awon iska da duba taya kyauta a bakin kogin Matan Fada za ta isar da saƙon ga dubban mutane cikin kwana huɗu. Shi kuwa mai mota, kafin ya je shago, ya buɗe ƙofar direba ya duba ginshiƙin da take rufuwa a kai. A mafi yawan motoci akwai 'yar takarda manne a wurin, wani lokaci ƙura ta rufe ta sai an goge da yatsa, ɗauke da girman tayar da aka auna motar da shi da yawan iskar gaba da ta baya, da mota wayam da kuma da lodi. Wasu takardun suna ba da girma biyu ko uku. In haka ne, ya zaɓi wanda lambarsa ta tsakiya ta fi girma, ya nemi sabuwa, ya sa mai shago ya juyo masa gefen da lambobin DOT suke ya karanta shekarar da idonsa kafin ya ƙirga kuɗi.